Gaisuwar Da Na Kai Wa Alhaji Walƙiya A Bakin Raga

Ko sunana zan manta, ba zan manta da ranar da Wurno ta kara da Goronyo ba, ranar da na durƙusa a tsakiyar fili a gaban mutanen gari biyu, kuma ba ciwo na ji ba.

A lokacin ina ɗinki a bakin kasuwar Wurno, da yamma kuma ina tsaron baya a ƙungiyar matasan garinmu. Ana ce mini Katanga (ni na raɗa wa kaina sunan, gaskiya, amma dai ya bi ni). Ga shi ina neman auren Hadiza, 'yar Goronyo, wadda na sani ta dalilin ɗinkin Sallah da ta kawo mini lokacin da ta zo wajen gwaggonta. Kullum na je zance sai na cika mata baki cewa ba a haifi ɗan wasan da zai wuce ni ba. Ita kuwa sai ta yi murmushi kawai, don ta san gidan da ta fito.

Mahaifinta shi ne Alhaji Walƙiya. Duk wanda ya taso a yankinmu ya san labarinsa. Da ƙwallon tsumma ya fara, ba takalmi, a bayan kasuwar hatsi. Daga nan aka ɗauke shi Sakkwato, ya wuce wata ƙungiya a kudu, har ya yi shekaru yana bugawa a ƙasar Larabawa. Dattawa sun ce sun sha taruwa gindin rediyo don su ji an ambaci sunansa. Da gwiwa ta ƙi, sai ya ajiye takalmi ya dawo gida ya kama noman albasa, yana ɗan ɗingishi, ba ya son ma a tuna masa da zamanin.

Magabatana sun je neman aure, ya karɓe su da mutunci, amma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a ba shi lokaci ya ga yaron tukuna. Wata huɗu ke nan ina cikin wannan zullumi. Kun dai san yadda muke: uban yarinyar da kake nema ba abokin haɗa ido ba ne. In ka hango shi ka sake lungu, in babu lungu ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Na yi ta yin haka har ƙafafuna suka haddace.

Sai ga wasan sada zumunci bayan an kwashe albasa, a filin Goronyo, Alhaji ne babban baƙo. Na ce yawwa, yau zai ga yaron. Na goge takalmi, na ɗinka wa kaina sabon gajeren wando (har da ɗan ado a gefe, Allah Ya yafe mini). Kuma wallahi na yi wasa. Duk wanda ya taho sai na kwashe ƙwallon, wani lokaci har da mai ita. Saura minti kaɗan a tashi, ci ɗaya da ɗaya.

Kawai sai na ji fili ya ɗauki ihu. Na waiga, ga Alhaji ya miƙe yana tuɓe babbar riga, ashe akwai tsohuwar rigar wasansa a ciki. Mutanen Goronyo ne suka roƙe shi ya shigo ya ɗan taɓa, don girmamawa.

Sani, kyaftin ɗinmu, ya rugo wajena. "Katanga, ga naka nan. Tsoho na, gwiwa guda garai. Kak ka bari shi wuce."

Na ce, "Sani, uban Hadiza na fa!"

Ya ce, "To mi? Cikin hili babu suruki."

Na yarda da shi, har ga Allah na yarda. Aka jefo wa Alhaji ƙwallo, ya tare ta da ƙirji ta sauka a ƙafarsa kamar ya kira ta. Daga ni sai gola. Na taho a guje, na riga na tsara yadda zan zare ta ba tare da na taɓa gwiwar ba. Saura taku uku, sai ya ɗago kai muka haɗa ido.

Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Sai dai na tsinci kaina a durƙushe, kai a sunkuye, hannu ɗaya ya fara laluben igiyar takalmi, bakina kuma yana cewa, "Baba, ina wuni? An yini lahiya?"

Alhaji bai ko yi dariya ba. Ya ce, "Lahiya lau, ɗana." Ya ɗaga ƙwallon ta bisa kaina, ya zagaye ni da ɗingishinsa ba gaggawa, ya aje ta a raga.

Alƙalin wasa ya kasa hura usur don dariya. Golanmu yana kwance a ƙasa ya ɗago ya ce, "Ka mance ba ka tambayi iyali ba!" Na hango Hadiza cikin mata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na ji kamar in tona rami in shige. Kwana uku ban buɗe shago ba, kuma na riga na haƙura da ita, don wa zai ba da 'yarsa ga wanda gari biyu ke wa dariya?

Rana ta huɗu Kawu Isa, wanda ya jagoranci neman auren, ya dawo daga Goronyo, Alhaji ne ya aika a kira shi. Ya zauna yana ƙoƙarin ɗaure fuska. Ya ce, "Ga saƙon Alhaji. Ya ce ya yi wasa ƙasa-ƙasa, an shure shi, an zage shi, an karya mai gwiwa, amma ba a taɓa gaishe shi bakin raga ba sai kai. Ya ce ƙwallo kam ba ka iya ba, amma ɗiyatai ba ƙungiya za ta shiga ba. A zo a sa rana."

Yanzu 'ya'yanmu uku. Sunan Katanga ya mutu tun a filin nan, duk Wurno Ina-Wuni ake kira na, har masu kawo ɗinki. Abin da na koya kuwa shi ne in rage cika baki a wajen zance, don yadda na yi ta rantsuwa ba mai wuce ni, mutum ɗaya da ya wuce ni sai da na gaishe shi, kuma har gobe shi nake gaisarwa.