Gwajin Taya Irin na Tashar Zariya

A shekarun da nake tuƙa wani babban ma'aikacin jakadanci a New York, ba abin da maigidan nawa yake so irin jirgin ƙasa na wasa. Shi da wasu dattawan Turawa da furfurarsu suke taruwa a wani ɗakin ƙasa a Bronx, suna kallon jirgin da bai fi kamu ɗaya ba yana zagaye.

Wata rana ƙungiyarsu ta sauya ƙa'idar tazarar tayoyi. Duk jirgin da bai dace da sabon ma'auni ba, ba zai hau layi ranar baje koli ba. Hankalin maigida ya tashi, don injinsa na tagulla tsohon yayi ne.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a tashar Zariya na girma. Bar mini."

Gaskiya ne, amma rake nake sayarwa. Sai dai na sha ganin ma'aikata suna bin tayoyi da guduma suna sauraren ƙara. A sanina, gwajin taya ke nan.

A gaban Turawan na yi bisimilla, na sauke guduma. Tayar ta yi tsalle ta faɗa kofin shayin shugabansu. Maigida ya cire tabarau a hankali ya ce, "Malam, me ka ji?"

Na ce, "Ba ta da lafiya, ranka ya daɗe."

Jirgin bai hau layi ba. Har yau in na shiga masallacinmu na unguwar Mount Hope, sai wani ya ce, "Kowa ya ɓoye agogonsa, ga Injiniya nan."