Rabi Biyu a Mudun Baba Haladu

Wani ɗan saurayin malami, Sagiru, aka tura ya koyar da ajin yaƙi da jahilci a kasuwar hatsi ta wani gari. Ɗalibansa duk ma'auna ne, masu furfura, waɗanda suka fara riƙe mudu tun ba a haife shi ba. Ana nan sai aka aiko masa cewa jami'in ilimi zai zo duba aji, in bai gamsu ba a rufe, malam ya koma zaman kashe wando. Sagiru ya yi ta tunani, ya ga ba abin da zai burge baƙo kamar darasin rabi da kwata, ga gero ga mudu, ido na gani. Ya ce wa Baba Haladu, dattijon ajin, ya zo masa da kayan awo.

Jami'i ya iso da babbar riga da ƙaton fayil, ya hakimce a kujerar malam. Sagiru ya gyara murya, ya ce, "Rabi biyu su ne ɗaya, ku duba ku gani." Ya cika kwanon rabin mudu da gero ya juye a mudu, ya sake cikawa ya juye. Mudu ya cika ya tumbatsa, ga sauran gero a hannunsa. Ya jawo wani rabin da wani mudun daga buhun Baba, ya sake gwadawa. Wannan karon gero ko wuyan mudu bai kai ba. Wallahi abin tausayi, bawan Allah ya tsaya yana leƙa gindin mudu kamar mai neman ɓaraka.

Jami'i ya zare biro, ya ce, "Malamin da rabi biyu suka gagara, me yake koyarwa? Wannan aji rufe shi za a yi."

Baba Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka ɗauki alhakin yaro. Lissafinsa daidai ne, kayan awon ne ya haɗa ba daidai ba. Da fari ya zuba rabin saye a mudun sayarwa, daga baya ya zuba rabin sayarwa a mudun saye."

Jami'i ya miƙe yana huci. "Au, mudu biyu gare ku? Da furfurarku kuna tauye awo? Ba kwa tsoron Allah? A ofishinmu ɗaya ɗaya ce, rabi rabi ne!"

Baba Haladu ya gyara zama a kan buhun da yake kai, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri. To benci ashirin da muka ji a rediyo kun ba ajin nan, biyar suka iso, da wane mudun kuka auno su?"