Ranar da Na Ba Farfesa Haƙuri

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Nasiru, ɗan yayana uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce bai san ni ba a gaban jama'a.

Ni na ɗauko shi daga filin jirgi. Wata shida ya yi a ɗakina na unguwar Chow Kit, a nan ƙasar wajen da nake kasuwanci, yana cin tuwona. Karatun me ya kawo shi? Kalma ɗaya tal! Wai lilla, launin shunayya a yaren Denmark da Norway. Ya ce daga Faransanci suka aro ta, su ma Faransawan ta hannun Larabawa ta iso musu, kuma taurin kai gare ta: ko abu ɗaya take siffantawa ko goma, ba ta canza kama kamar sauran kalmomi. (Ni da na tsaya a aji uku na sakandare, cewa na yi to, Allah ya sa a ci abinci da ita.)

Ranar da zai gabatar da aikin a jami'a na rufe shago, na zuba babbar riga, na kame a layin gaba. Yana gamawa wata farfesa Baturiya mai furfura ta tsare shi da tambayoyi. Ina hujjarka? Wa ya ce ta Faransa ta biyo? Yaro sai sharce gumi yake. To mu a gida, in aka titsiye yaro a gaban babbansa, babban ne ke tashi. Na miƙe, na cire hula, na rusuna, na saki Turancina na kasuwa:

"Madam, a yi haƙuri. Maraya ne. A bar ni da shi, zan yi masa faɗa a gida, boleh?" (Boleh ɗin nan yaren 'yan ƙasar ne, wato "ya yiwu?")

Ɗaki ya fashe da dariya. (Ashe titsiyen nan shi ne girmamawarsu. Wa ya gaya mini?) Farfesa ta tambayi Nasiru ko ni wane ne. Bai ko kalle ni ba ya ce, "Ban san shi sosai ba, a kasuwa nake ganinsa."

A bakin ƙofa ya biyo ni yana sosa ƙeya. "Baffa, ka gane ai..."

Na ce, "Na gane, ba kowane gumi ake kai wa ɗauki ba. Amma kai ka bi asalin kalmar Turawa har ƙasar Larabawa, ka kasa gane ƙanin ubanka. Ranar neman aurenka sai ka tura lilla ta karɓo maka."