Yadda Ake Cika Rumbu da Diyapo

Kai da ke neman wurin ɓuya duk lokacin da aka ce ka tashi ka yi bayani gaban manya, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan bakwai. Na yi maka alkawari za ka tsaya gaban bango mai haske ka yi awa guda kana magana a kan garin da ba ka taɓa shan ruwansa ba, kuma a tafa maka. Ni dai muryata ba ta kai ƙofar ɗaki, amma shekara biyu na yi zaune bayan ordinata, wato kwamfuta, ina latsa wa Mushe Rabo, shugaban buron bincikenmu a Tasawa, diyapo, hotunan nan da ake haskawa a bango, kuma ban taɓa ganin gumi a goshinsa ba sai na zafin rana.

Misalinmu taron bazarar bana ne, bayan daminar da ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Wata ƙungiyar agaji ta kawo irin shuka da zai ishi gari biyar cikin goma sha biyu na wajen Hawandawaki. Aikin buronmu shi ne shafa wa garuruwan launi a taswira: ja ya samu iri, kore ya samu barka. Riƙe sunan Garin Danda, don a kansa za mu koyi sana'ar.

1. Kada ka taɓa na'ura da hannunka

Samo mai latsa maka. Mace ta fi, mai takardar jami'a ta fi kyau, mai kunya ta fi duka. Zaunar da ita can gefe inda wayoyi suka harɗe. Kai naka ka ce "suivant", wato na gaba, ba tare da ka waiwaya ba. Babba ba ya neman maɓalli, don in ya nema za a gane bai san inda yake ba.

2. Yi bincike ta gilashin mota

Gari goma sha biyu a wuni ɗaya, cikin yashin nan, ba ya son yawan sauka. Sauke gilashi rabi, ka ƙidaya abin da ke tsaye ba ya gudu, wato rumbuna.

A Garin Danda Mushe Rabo ya ƙidaya sittin da uku, duk an yi musu sabon yaɓe, jinka ɗaure tsaf. Ya ɗauki hoto. Ya yafuto wani dattijo da ke gindin bishiya, Baba Na Allah, ya tambaye shi gida da amfanin gona. Tsohon ya ce sun gode wa Allah. Mushe Rabo ya rubuta: babu koke.

A mota na ce, ina kallon gwiwata, a garin su innata maigida ya fi gyara rumbun da ba kome ciki, saboda surukai na wucewa ranar kasuwa kuma jinka suke kallo. Rumbun da aka bari a buɗe shela ce. Mushe Rabo ya ce takardar bincike ba ta da gurbin wannan. Na duba, gaskiyarsa ce. Ka haddace: abin da ba shi da gurbi bai faru ba.

3. Sa haruffa su yi tsalle

Kada kalma ta shigo bango da ƙafarta. Ta faɗo daga sama, ta juya sau biyu, sannan ta zauna. Kafin ido ya gama bin ta, ka wuce. Zuba da'irar nan da ake yankawa kamar kankana, ko ba abin rabawa. Kalmar "yunwa" kuwa gajeruwa ce, kowa na gane ta, saboda haka ka guje ta. Rubuta "ƙarancin cimaka matsakaici", ko ka bar shi da Faransanci gaba ɗaya. Garin Danda ya sha kore mai kyau, irin na ganyen da rabon mutanensa da ganinsa tun bara.

4. Cinye rabin lokaci da gaisuwa

Fara da mai kaki. Tun da sojoji suka karɓi mulki, kujerar tsakiya ta wani kaftin ce da aka turo, mutum marar yawan magana mai ajiye hularsa bisa tebur. Ce masa "mon capitaine" sau uku. Soja na son adadi marar waƙafi da jimla mai tsayuwa ƙyam, ka ba shi. Sai Madam Lalla, wakiliyar ƙungiyar, wadda ta taso daga Yamai kuma take son komawa kafin la'asar. Wakilan garuruwa da ke bencin baya, gaisuwa ɗaya ta ishe su, su raba.

5. In kuran ya ɗauke, kai kada ka ɗauke

Zai ɗauke. Gurup ɗin da ke waje kuma, injin ba da wuta, isansinsa, wato mansa, ya tafi wani aikin. Ranar, Mushe Rabo ya ci gaba da nuna farin bango da sandarsa yana cewa kamar yadda kowa ke gani. Mutum arba'in suka dubi bango suka gyaɗa kai. Ni kaina sai da na leƙa. Da wuta ta dawo bayan minti goma, ba wanda ya nemi a maimaita.

6. Yabi tambaya har ta mutu

Wuta ta dawo daidai kan hoton rumbunan Garin Danda, kowanne ya kai tsayin mutum a bango. Sai Baba Na Allah ya miƙe daga bencin baya, ya yi sallama, ya ce na daman can nasa ne.

Nan ake gane gwani. Mushe Rabo ya ce a tafa wa manomi abin koyi. Aka tafa. Tsohon ya jira tafin ya ƙare.

"Mushe," in ji shi, "da ka zo, ka ɗaga jinkar?"

Mushe Rabo ya ce tambaya ce mai ma'ana ƙwarai, irin wadda ake so, za a dawo kanta a taro na gaba. Sau tara cikin goma wannan na zaunar da mutum. Yana aiki ne saboda ka san abin da mai tambayar ba zai iya faɗa ba. A benci guda da shi akwai Malam Isufu, wakilin wani garin da ya samu ja, wanda ɗiyarsa ke auren ɗan Baba Na Allah. Dattijo ba ya cewa gidansa ba hatsi gaban surukinsa, gaban mata, gaban soja. Kunyar mutane ita ce babbar na'urarka, kuma ba ta buƙatar kuran.

Sai dai ranar tsohon bai zauna ba. Ya tuɓe hularsa ya riƙe a hannu biyu. Bai dubi gefen Malam Isufu ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce da kaftin, "wanga rumbu ba ko zangarniya ɗaya ciki. Sauran ma haka. Irin da muka ɓoye mun ci tun sanyi. 'Ya'yan anza na daji muke jiƙawa mu ci. Ni na yaɓe shi da hannuna don kada a sani, to yau an sani."

Malam Isufu ya dinga kallon takalminsa kamar yau ya saye shi.

7. Ƙirƙiro launi na uku

Kaftin ya juyo ya tambayi Mushe Rabo wa ya sa garin a kore. Kada ka daburce. Murmusa, ka ce wannan shaida ta ƙarfafa abin da bincike ya hango, launin kuwa kuskuren sakatariya ne. Duk ɗakin ya juyo ya dube ni. Na dubi wayoyi.

Kaftin ya ce a mai da shi ja. Madam Lalla ta ce tana jin abin har ranta, amma sunayen gari biyar an riga an sa musu hannu a Yamai, bisa rahoton da muka aika tun makon jiya, motoci ma an yi musu lodi. In an sa Garin Danda, sai an cire wani. Kaftin ya dubi bencin baya ya tambaya ko akwai garin da zai haƙura. Dattijai goma sha ɗaya suka sunkuyar da kai, kowanne da nasa rumbun mai sabuwar jinka.

Sai Mushe Rabo ya fid da kowa. Ya ce ilimin zamani ya tanadi mataki tsakanin ja da kore: ruwan goro, garin da za a sa wa ido. Ya ce in canza. Ban ɗauki daƙiƙa uku ba. Launin ya faɗo daga sama, ya juya sau biyu, ya zauna a kan Garin Danda. Kaftin ya ɗauki hularsa. Aka tafa, aka raba lemo, Madam Lalla ta nemi a ba ta kwafin diyapon don ta nuna wa wasu buro-buro yadda ake aiki.

Ina naɗe wayoyi bakin taga na ji dattijan biyu a waje. Sun daɗe suna gaisawa kamar ba tare suka wuni ba. Can Malam Isufu ya ce in nasu irin ya iso zai aiko da tiya huɗu bisa jaki, ba don kome ba, yana so ne a gwada masa shi a ƙasar Garin Danda ya ga ko tana karɓarsa. Baba Na Allah ya ce to, zai gwada masa, tun da ya roƙa. Tiya huɗu, gida sittin da uku.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ta yi alkawarin tafi, ba ta yi alkawarin tsiro ba. In ruwan shuka ya sauka ya tarar da garuruwanka na kore da na ruwan goro hannu wofi, a tuntuɓi sama. In ka bi matakan nan aka ƙara maka girma, ba na neman godiya. In kuma ranar kasuwar Tasawa wani dattijo ya tare ka, ya gaishe ka da ladabi, ya tambayi lafiyar iyalinka ɗaya bayan ɗaya, ya yi maka addu'a ya wuce, kai kuma ka koma gida ka kasa cin tuwo, wannan tsakaninku ne. Ba ni ciki.