Ranar da Mai Almakashi Ya Zo a Kan Lokaci

Jama'a, yau an cuce mu a Sabon Wuse. Babban baƙo ya zo taro a kan lokaci. Tun da nake ban taɓa ganin irin wannan rashin tausayi ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan zuciyata ba ta daina tafasa ba.

Bari in ɗauko muku daga tushe, kada ku ce rana ce ta taɓa min kai. Ina da ƙanwa, Ikilima, tana aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Madalla. Ita ce shara, ita ce wanke kayan aiki, ita ce riƙe hannun mai naƙuda, amma in ana lissafa ma'aikata sai a tsallake ta. Burinta makarantar nas. Duk darussa ta ci, kemistiri kaɗai ya riƙe mata ƙafa, kuma sakamakon zaman jarrabawa biyu kawai makarantar ke karɓa. Ta riga ta yi ɗaya. Wanda za ta yi mako mai zuwa shi ne na ƙarshe.

Sai aka kawo mana tsarin karatu daga nesa, wai kowa ya tafi da saurinsa. Ba su yi ƙarya ba. In an kawo wuta a yi karatu, in data ta ƙare a tafi hutu. Ikilima dai ta dage. A mota tana kallon darasi a waya, a kicin tana kallo, har tuwo ya sha ƙonewa saboda sinadarai. Matsalar ɗaya ce, jarrabawar tana da gwajin hannu. Akwai wani dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a ƙasa, ana sakin ruwa ɗigo-ɗigo cikin kwalba har launi ya juya, sai a tsayar cak. Malamin cikin waya ya yi mata shi ya fi a ƙirga, amma kallo bai taɓa koya wa yatsa murɗa famfo ba.

Manyanmu, Allah ya bar mana su, sun hango wannan. Suka gina mana cibiya a nan Suleja mai ɗakin gwaji. Mai Girma Mai Almakashi ya zo da jiniya ya yanka zare, muka tafa har hannu ya yi zafi. Washegari na raka Ikilima. Muka leƙa ta taga, sai tebura, sai hoton Mai Girma, sai wani ƙadangare da alama shi ne shugaban sashe. Maigadi ya ce kayan sun tafi tun jiya, a motar da ta kwashe rumfa da kujeru.

Nan muka gane hikimar. Ashe kayan gwajin saiti ɗaya ne tal, yawo suke daga buɗe wannan cibiya zuwa buɗe waccan, a bayan motar wani mai hayar rumfa, Sebastine. Da muka same shi a shagonsa bai ɓoye mana komai ba.

"Oga, ni dai kaya nake kaiwa," in ji shi. "Amma kullum suna neman wadda za ta sa farar riga ta riƙe kwalba saboda hoto. In sista tana so, ta zo da wuri. Ai babban Oga ba ya zuwa sai la'asar ta wuce."

To kun ji makarantar ƙanwata. Duk inda za a buɗe cibiya, tana can tun safe cikin farar riga. Ruwan da suke zubawa a kwalaben zoɓo ne aka tsinka don ya yi kyau a hoto. Ita kuwa ta ji a darasinta cewa zoɓo yana juya launi in ya gamu da kanwa, sai ta riƙa zuwa da ruwan kanwa da lemun tsami a jaka. Ta jingine waya, ta murɗa famfo, ta ɗiga, ta zarce, ta zubar, ta sake. 'Yan makarantar da aka jera a rana suna galabaita, makaɗa sun gaji sun zauna a kan gangunansu, ita kuwa karatu take sha. Ni kuma ina gindin rumfa ina roƙon Allah ya haɗa Mai Girma da cunkoson Madalla. Ban taɓa ganin shirin ilimin da ya yi aiki kamar makararsa ba.

Hannunta ya kusa faɗawa, amma har yanzu takan zarce da ɗigo ɗaya ko biyu, kuma a kan wannan ɗigon maki yake. Saboda haka yau ta roƙi hutu a wurin aiki muka yi sammako. Ko gama cika bututun ba ta yi ba, sai ga jiniya. Wai buɗe-buɗe sun yi masa yawa a gaba. Ya yanka zare, ya tsaya kusa da ita, ya shaida wa 'yan jarida cewa ga irin 'ya'yan talakawan da tsarinsu ya mayar masana kimiyya. Kafin tafi ya lafa Sebastine ya naɗe gilasan a tsumma, don dole su riga Mai Girma isa gari na gaba.

Muna cikin motar dawowa, mun kusa gida. Tana rungume da gorar ruwan kanwarta.

"Yaya, da ya bar ni ko zuwa azahar ne, da na iya," ta ce.

Na juya ina kallon titi, don ba na son ta ga idona. Ta ba ni tausayi ƙwarai.

Ranka ya daɗe Mai Almakashi, mun yafe alkawuran, mun yafe kayan, ku riƙe abinku. Abu ɗaya kuka saba ba mu kyauta, makara, shi ma yau kun hana. Sebastine ya ce jibi za ku sake buɗe tamu ta Suleja, tunda an yi mata sabon fenti. Don Allah kada ku gyara hali. Ku yi barci, ku karya a tsanake, ku canja hula. Ba don kanku ba, ku asibitinku sai an hau jirgi. Don mu ne, da wata rana hannun Ikilima zai saita mana ɗigon ƙarin ruwa.