Ƙarar Mai Zuma

A yawon da na yi na taɓa sauka gidan wani mai sayar da zuma, a Malumfashi ne ko a Funtuwa, garuruwan sun fara haɗe mini yanzu. Sunansa ma ya shige mini duhu, zumar ce dai ban manta ba. Dattijo ne mai ladabi, ko akuya ya tarar a bakin ƙofa sai ya yi mata sannu. Yana tallar zumarsa a wani dandalin sada zumunta, sai wani mara kunya ya buɗe shafi da hotonsa, kullum zagi, wai maha'inci ne, wai sukari yake dafawa. Masu saye suka fara ja da baya, har mai shagon da ke ɗaukar jarka biyu duk wata ya daina kira. Aka nuna masa inda ake kai ƙara a dandalin, ya kai. Kullum da hantsi sai ya sake rubutawa don bin sawu, kullum amsar ɗaya ce: “Mun gode. Mun duba, ba mu ga abin da ya saɓa ƙa'ida ba.”

Ana cikin mako na uku sai ga taubashiyarsa Hajiya Ladidi, mai sayar da atamfa, ta zo da kwalbarta a cika mata kamar yadda ta saba. Ta tarar da shi ya zabga tagumi.

“Kai kuma tsoho, wa ya mutu? Miƙo wayar nan in ga abin da kake rubuta musu.”

Ta karanta da ƙarfi, ina zaune ina ji: “Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Ya aiki, ya iyali, ya gajiya, ya muka ji da zafi? Ina gaida manyanku da ƙanananku, Allah ya ƙara girma. Bayan haka, dalilin rubuto muku shi ne wani...” Nan rubutun ya yanke. Ashe gurbin da ake rubuta ƙorafin ɗan ƙarami ne, gaisuwa ke cinye shi tun ba a zo kan magana ba.

Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki. “Mako uku kana gaisuwa, ƙarar ba ta ko shiga zaure ba!”

“To so kike in faɗa wa mutane gida babu sallama? Ni ba haka aka rene ni ba.”

Ta goge komai, ta rubuta layi biyu, ta haɗa da hoton zagin ta tura. Kwana uku, ko huɗu ne, aka rufe shafin. Mai shago ya kira ya ce a kawo jarka biyu.

Da Hajiya ta dawo da wata kwalbar, tun daga soro take tsokana. “Ka ga aiki babu ya iyali! Kuma bari in gaya maka, babu kowa a wurin. Inji ne ke ba ka amsa. Mako uku kana durƙusa wa inji!”

Mai zuma ya cika kwalbar a hankali, ya toshe bakin, ya miƙa mata.

“Inji ko ba inji ba, Hajiya, kullum sai ya ce mini mun gode. Ke shekara talatin kina shan zumata kyauta, ban taɓa ji ba.”