Hajiya Ta Ce Sai Musalsal Ya Ƙare

Yau ma na sha rana zuwa unguwar Anbariyya wajen mai sayar da tikitin jirgi, in roƙe shi ya sake ɗaga tafiyar surukata. Yana hango ni ya fashe da dariya, ya ce, "Ya shaikh, har yanzu attajirin bai gane ɗansa ba?" Kun ji inda mutuncina ya koma.

Hajiya Uwa, mahaifiyar matata Shafa'atu, umarar azumi ta zo daga Kano. Larabcinta bai wuce na salla ba, amma ta zauna kusa da 'yarta bayan shan ruwa, ana fassara mata musalsal, wato wasan talabijin mai ci gaba, har ya shiga ranta. Labarin wani attajiri ne da yake neman ɗansa da ya ɓata, alhali ɗan shi ne direbansa. Kullum suna mota ɗaya, ga kama kamar an tsaga kara.

Kowa a garin nan ya san al'ada: wasan azumi da azumi yake tafiya. A ga wata, mugu ya tuba, a rungume juna, mu je Idi. Amma bana Mai Girma Sarkin Jan Labari na wata tashar tauraron ɗan'adam ya ga masu talla sun yi layi, sai ya tausaya mana ya ƙara wa wasan tsawo. Allah ya saka masa. Mutumin da zai sa a kwashe mako ana hawa bene ɗaya a cikin wasa ai ya cancanci lambar yabo.

Bizar Hajiya kuwa ba ta san talla ba, ta kusa cika. In ta wuce, ni da na sauke ta a gidana za a kama, iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta shiga uku.

Maƙwabcina Jumare, haifaffen unguwar Azizya, ya ce, "Basiɗa, ya akhi, abu ne mai sauƙi. Ka ce Shafa'atu ta fassara mata cewa khalas, an gama." Muka gwada. Hajiya ta dubi akwatin talabijin ta ce, "To in ya gane shi, me ya sa har yanzu yaron yake buɗe masa ƙofar mota?"

Ni dai fatawata ita ce, kada wasa ya fi bizar umara tsawo. Da na dawo na durƙusa na faɗa mata haka, na haɗa da rantsuwar zan riƙa aika mata kaset ta hannun alhazai.

Ta yi murmushi, ta ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Ko su gama in tafi gida, ko ni in gama ku kai ni maƙabartar Baƙi'a. Duk wanda ya riga zuwa, ni na ci riba."

Shafa'atu ta tashi ta shige kicin.

Ranka ya daɗe Sarkin Jan Labari, ka dai ji. Tsohuwa ta shirya ƙarshenta tsaf, kai da ake biya albashi don ka rubuta ƙarshe har yanzu kana hawa bene.